Daga Farautar Zinariya Zuwa Tsintar Tsingaro a Kufan Fir'aunoni

A watan Disamba na 1823, a wani gari mai suna Gwato a masarautar Benin, cikin Jihar Edo ta yau, atuni ya kashe wani ƙaton Bature ɗan Italiya mai suna Giovanni Belzoni. Niyyarsa ya ratsa ƙasar Hausa ya kai Tumbuktu, kwana ya ƙare tun bai yi nisa da bakin teku ba. A Turai kuwa an san shi a matsayin gwarzon fasa kaburburan Fir'aunonin Masar.

Belzoni ba malami ba ne. Ɗan wasa ne da ya daɗe yana ɗaga mutane a gidajen kallo na Ingila ana biyansa. Ya je Masar ne don ya tallata wa mai mulkin ƙasar, Muhammad Ali Basha, injin jawo ruwa, ciniki bai faɗa ba, sai ƙaramin jakadan Ingila, Henry Salt, ya ɗauke shi aikin kwaso kayan tarihi. A 1816 ya sa ƙarti suka ja kan gunkin Ramsis na Biyu, dutse mai nauyin kusan tan 7, har bakin Nilu, aka yi London da shi. A 1817 ya kwashe rairayin da ya toshe ƙofar haikalin Abu Simbel, ya kuma gano kabarin Seti na Ɗaya. Da ya shiga cikin dalar Khafre a 1818, sai ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jikin bango, yana nan har yau. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda busassun gawarwaki suka riƙa rugurgujewa a ƙarƙashinsa yana neman takardun da aka binne su da su.

Haka zamanin yake. Tun da Napoleon ya shiga Masar a 1798 da sojoji da masana fiye da 150, Turai ta kamu da son kayan Fir'auna. A 1799 sojojinsa suka tsinci wani dutse a garin Rashid, ɗauke da sanarwa guda cikin rubutu iri uku, ɗaya na Girkanci. Da wannan dutse, da kuma sanin da ya yi wa harshen Ƙibɗawa, Jean-François Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822, bayan shekaru kusan 1,400 babu mai iya karanta shi. Malaman Musulmi irin su Ibn Wahshiyya sun taɓa gwadawa tun ƙarni na 10, ba su kai gaci ba. Sai dai buɗewar karatun ta ƙara wa kayan tsada, wawaso kuma ya ƙaru. A 1837 wani hafsan Ingila, Howard Vyse, da albarushi ya riƙa fasa dalolin Giza. Muhammad Ali ya kafa dokar hana fitar da kayan tarihi a 1835, alhali shi ne ya ba Faransa kyautar doguwar hasumiyar dutse ta Luxor, wadda aka kafa a Paris a 1836.

Wanda ya fara taka wa ɓarnar birki Bafaranshe ne, Auguste Mariette, da ya shugabanci hukumar kula da kayan tarihi ta Masar daga 1858, ya buɗe gidan adana su a Bulaƙ a 1863. Ya cancanci yabo, amma shi ma manyan gumaka yake bi, da dubban talakawan da aka tilasta wa aiki, yana tono a wurare da yawa lokaci guda, rubuta bayani kuwa sai abin da ya samu.

Mutumin da ya sauya aikin daga tushe shi ne Flinders Petrie. Ya zo a 1880 don auna dalolin Giza, ya tare a wani tsohon kabari da babu kowa, yana cin abincin gwangwani. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali: manoma na kwashe ƙasar kufai suna yin taki, dillalai na sayen abin da ya fito, masu tono kuma na watsar da duk abin da ba ya ƙyalli. Petrie ya ce a'a, tsingaron tukunya da aka san inda aka tsince shi, da zurfin wurin, da abin da ke kusa da shi, ya fi gunkin da ba a san daga ina ya fito ba.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Gunki sarki ke sa a sassaƙa, yakan kuma faɗi abin da sarki ke so a ji. Tukunya kuwa kowane gida na da ita, tana fashewa kullum, ana gina wata, kuma kowane zamani da yayinsa. Duk wanda ya san ginin tukwane ya san tulun kaka ba irin na jika ba ne.

A 1894 zuwa 1895 ya tona kaburbura fiye da 2,000 a Naƙada, babu rubutu ko ɗaya a cikinsu. Da farko ya yi kuskure, ya ɗauka wasu baƙi ne da suka mamaye Masar daga baya. Da ya gane cewa mutanen sun riga Fir'aunoni ne, sai ya janye maganarsa, ya shiga neman hanyar jera su. Ya zaɓi kaburbura 900, kowanne ya yanka masa siririn kwali ya rubuta irin tukwanen da ke ciki, ya baje su yana musanya musu wuri har irin da suka yi zamani ɗaya suka taru wuri ɗaya. Wani tulu mai mariƙi kamar igiyar ruwa ne ya nuna masa gaba da baya. A kaburburan farko mariƙin na gaske ne, ana kama shi, sannu a hankali ya riƙa ƙanƙancewa har ya koma zanen ado kawai. Da kwali da fensir ya jera tarihin mutanen da ba su bar harafi ba, kuma masu wannan ilimi na amfani da dabarar har gobe. Petrie na da nasa aibin, don ya yi imani da fifikon wasu jinsuna a kan wasu, abin da ya sa tun farko ya ƙi yarda 'yan ƙasa ne suka yi kaburburan Naƙada.

To su wa ke riƙe da fartanya da kwando? A 1893 Petrie ya yi tono a Ƙuft, arewa da Luxor, ya koya wa wasu mazauna garin aikin, tare da taimakon amintaccensa Ali Suefi, mutumin yankin Fayyum. Yana ba da tukwici a kan duk abin da aka tsinta, daidai da farashin dillali, don kada a ɓoye. Waɗannan Ƙuftawa suka zama gwanayen da ke bambance bulon laka da ƙasar da ta binne shi da taɓawar hannu, suka gadar wa 'ya'ya da jikoki. Ranar 4 ga Nuwamba 1922, lokacin da aka ga matakalar farko ta kabarin Tutankhamun, ma'aikatan Masar ne ke tono a ƙarƙashin Rayis Ahmad Gerigar, sunan da ya zagaya duniya kuwa na Howard Carter ne, wanda shi ma a hannun Petrie ya koyi aikin.

A ɓangaren malanta ma an daɗe ana danne 'yan ƙasa. Ahmad Kamal ya iya karanta rubutun Fir'aunoni, yana cikin waɗanda suka kwashe gawarwakin sarakuna daga maɓoyar Dair al-Bahri a 1881, ya shafe shekaru yana haɗa ƙamus na tsohon harshen Masar, amma shugabancin hukumar kula da kayan tarihi na Faransawa ne. Ya rasu a 1923, daidai lokacin da gwamnati ta amince a buɗe makarantar da ya daɗe yana roƙo don koyar da 'yan Masar. Sai a 1953 ɗan ƙasa, Mustafa Amir, ya hau kujerar Mariette.