Gobarar El Duniya da Yadda Kallon Fim Ya Koma Cikin Gida a Kano

Wani mai karatu ya aiko mana da tambaya: me ya sa Kano, garin da ya haifi masana'antar fim sukutum, mutanensa suka fi son kallo a ɗaki ko a waya a kan zuwa silima? Amsar da aka saba bayarwa ita ce tsadar tikiti, da kuɗin mota, da sauƙin YouTube. Duk gaskiya ne, sai dai waɗannan dalilai na bayan nan ne. Tun kafin a san kaset, gidan silima ya riga ya yi baƙin jini a idon iyayen Kano, kuma akwai ranar da za a iya nunawa a ce daga nan abin ya yi tsanani.

A 1937 aka buɗe Rex, gidan silima na farko da aka gina don wannan sana'a a Kano. Shi da waɗanda suka fara biyo bayansa duk a wajen ganuwa suke, ta ɓangaren Sabon Gari da Fagge, kuma galibinsu na 'yan kasuwa Kwarori ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutumin cikin birni ya yi musu kallon wurin baƙi, maƙwabtan gidajen giya da na rawa. Majigin da gwamnati ke kafawa a fili kyauta, da izinin sarki, ba shi da wannan tabo: yara da manya kowa na zuwa. Silimar kuɗi kuwa da dare ake shiga, kuma ɗan mutunci ba ya son a gan shi a bakin ƙofarta.

Ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a silimar El Duniya ana tsakiyar kallo. Cikin mutum kusan 600 da ke ciki, 331 suka rasu. Gwamna ya naɗa Mai Shari'a Percy Hubbard ya binciki lamarin, binciken kuma ya gano cewa wutar daga ɗakin na'urar haska fim ta faro, inda faifan fim ya kama, ta bi rufin ginin ta mamaye shi. Faifan wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa. Zafi kaɗan yake so ya kama, in ya kama ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, hayaƙinsa kuma guba ne. Abin baƙin ciki, a daidai waɗannan shekaru ne kamfanin Kodak ke daina yin irinsa, yana komawa ga faifan da ba ya ci da wuta haka.

A gari kuwa wani labarin ne ya bazu. Aka ce fushin Allah ne ya sauka a kan masu zuwa wurin alfasha. Aka ce fim ɗin da ake nunawa yana ɗauke da hoton Manzon Allah (SAW). Aka ce waɗanda suka ɗauki gawarwaki sun haukace, fursunonin gidan yarin En'e da aka sa aikin kuma sun kasa cin abinci. Jita-jitar ta yi ƙarfi har sai da gidan rediyon gwamnati ya riƙa ƙaryata ta cikin harsuna huɗu. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya bi takardun wancan lokaci a littafinsa Signal and Noise, ya nuna yadda labarin gari ya rinjayi na hukuma.

Ni dai bayanin Hubbard na ɗauka, domin irin wannan gobara ta auku a gidajen silima na ƙasashe da dama, kuma sanadin ɗaya ne. Waɗanda suka rasu 'ya'yan mutane ne da suka fita kallo, har da yara ƙanana, kuma sun cancanci addu'a, ba zunɗe ba. Amma wanda ke son ya fahimci Kano dole ya kula da jita-jitar, don ita ce ta shiga gidaje ta zauna. Uwar da ta ji wannan labari ba za ta bar ɗanta ya doshi silima ba, balle 'yarta. Shi ya sa da aka buɗe Palace a 1952 a unguwar Jakara, silima ta farko a cikin ganuwa, samari suka yi ta jifan masu shiga, sai da 'yan sanda suka sa baki.

Duk da haka maza sun ci gaba da cika Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, musamman da finafinan Indiya suka kama gari, na Cana kuma suka biyo baya. Abin da ke kai su ba ya samuwa a ɗaki: allo ƙato a sararin Allah, ɗaruruwan mutane na ihu tare idan jarumi ya kayar da bos, a fito ana rera waƙar da ba a san ma'anarta ba. Wanda ya taɓa jin wannan daɗi ba ya mantawa. Sai dai taron na maza ne. Macen da aka gani a ciki an gama yanke mata hukunci, matar aure da ke kulle kuwa ko a mafarki.

A nan nake saɓawa masu cewa bidiyo ne ya kashe silima a Kano. Bidiyo ya je ne ya samo rabin garin da silima ba ta taɓa samu ba. Talabijin ce ta fara buɗe hanya, lokacin da NTA Kano ta soma sa finafinan Indiya a ƙarshen shekarun 1970, mata suka ga abin da mazansu ke ba da labari. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai kasuwar kaset ta buɗe. Daga Bata da Ƙofar Wambai kaset ke fita, a aiki yaro ya karɓo haya, amarya da ƙawayenta da 'yan uwan miji su zauna a gaban akwati ba mai cewa uffan. Masu shirya fim sun gane su waye masu sayen hajarsu. Dubi abin da ya cika finafinan: soyayya, kishiya, auren dole, uwar miji, ga waƙa da rawa irin ta Sangaya a 1999. Labarin cikin gida ne ake sayar wa mutanen cikin gida.

Abin da ya biyo baya a gurguje ya zo. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Tsofaffin gidajen silima suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Satar fasaha ta karya kasuwar faifan CD. Da Filmhouse ta buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero, an ga mata da iyalai na shiga ba tare da tsangwama ba, domin ƙofar a cikin kasuwa take kuma ko da rana ana iya zuwa, amma a lokacin kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka. Tashar Arewa24 ta zo a 2014 da Daɗin Kowa, sannan Labarina da Izzar So suka koya wa jama'a jiran sabon kashi duk mako. Yau furodusa da dama ba sa ma lissafi da tikiti: yawan waɗanda suka kalla a waya da tallan da aka saka a ciki, su ne ke biyan kuɗin kashi na gaba.