Tarihin Gishirin Bechgaard da Lantarki Marar Turjiya

Wayar da ke kai wuta masana'antun Bompai da Dakata takan yi zafi, saboda ƙarfen yana yi wa lantarki turjiya, wani kaso na wutar ya salwanta a hanya. Akwai abubuwan da wannan turjiya ke ɓacewa ɓat idan aka sanyaya su matuƙa. Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin haka a jikin zaiba, a Leiden, a 1911, a sanyin digiri 4.2 na Kelvin.

Sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka gano dalili: ilektron suna tafiya bibbiyu, girgizar ƙwayoyin ƙarfen ce ke haɗa su. Kowane ilektron yana da juyi, wato ɗan maganaɗisunsa na kansa, kuma a irin wannan haɗi ɗaya yana kallon sama, ɗayan ƙasa.

A 1964 William Little na Jami'ar Stanford ya ce sinadaran kabon ma za su iya rasa turjiya, ko da babu sanyi. Magana ce mai ƙarfin hali, domin dangin kabon irin su roba da su ake rufe waya. Hasashensa bai tabbata ba, amma ya zaburar da masu bincike. Klaus Bechgaard ya haɗa wani gishiri na dangin kabon a Kofanhagan, (TMTSF)2PF6, Denis Jérome kuma ya matse shi a Orsay ta Faransa da nauyin da ya ninka na iska kusan sau 12,000. A digiri 0.9 turjiya ta ɓace. An buga sakamakon a 1980. A 1988 wani gishirin BEDT-TTF da aka haɗa a Japan ya kai digiri 10.

Amfanin ire-iren gishirin Bechgaard a masana'anta babu shi tukuna. 'Yan ƙwayoyi ne baƙaƙe, sirara kamar allura, masu saurin karyewa. Darajarsu tana ga tambayar da suka tayar. A cikinsu rashin turjiya yana maƙwabtaka da yanayin maganaɗisu, shi ya sa masana da yawa ke ganin motsin juyin ne ke haɗa ilektron, ba girgiza ba. An kuma daɗe ana muhawara kan inda juyin biyu ke kallo. Wani gwaji a 2002 ya nuna gefe ɗaya suke kallo. Wani a 2007, kan wani gishirin Bechgaard ɗin, (TMTSF)2ClO4, ya nuna suna saɓa wa juna muddin maganaɗisun da aka ɗora musu bai yi ƙarfi ba.