Mari, Lamuni da Tauraron Ɗan Adam: Yadda Aka Zo ga Ɗaure Mutum Yana Gidansa

A watan Oktoba na 2023 wata kotun majistare da ke Westminster, a birnin Landan, ta ba da belin tsohuwar ministar man fetur ta Najeriya, Diezani Alison-Madueke, wadda ake tuhuma da karɓar rashawa. An ce a ajiye fam 70,000, kada ta bar gida daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, sannan a ɗaura mata na'ura a jiki wadda za ta riƙa sanar da hukuma ko tana bin sharaɗin. Dattijon da ya ji wannan labari a rediyo a Gumel ko Maigatari ba zai rasa abin da zai kira na'urar ba, zai ce mari ne na Turawa. Da gaskiyarsa, domin matsalar da aka ƙera ta don warwarewa tsohuwa ce a ƙasar nan: yaya hukuma za ta riƙe mutum ba tare da ta kulle shi tana ciyar da shi ba?

Masarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajajen 1750, kuma a lokacin Borno take bi. Jihadin Shehu Usmanu bai ci ta ba. A 1845 aka dawo da fadar daga Tumbi zuwa Gumel, aka yi shekaru ana gwabzawa da Haɗeja a gefe guda, Damagaram a ɗaya gefen. A irin wannan zamani, a nan da sauran ƙasar Hausa da Borno, ɗauri na shekaru ba shi ne babban hukunci ba. Alƙali yakan yanke bulala, ko tara, ko diyya, ko haddi, a gama a watse. Gidan yari na mai jiran hukunci ne, da wanda ya ƙi biyan bashi, da wanda sarki ya yi fushi da shi. Wanda ake tsoron gudunsa sai maƙeri ya buga masa mari a ƙafa, ko a haɗa shi da wasu a sasari, ko a sa shi a turu. Kada kowa ya yi kewar wancan lokaci. Da Turawa suka ci Kano a 1903, Lugga ya rubuta bayanin kurkukun da ya tarar: ɗakuna biyu matsattsu marasa iska, an huda gindin bango ana zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa kisa.

Sai dai yawancin masu laifi ba su taɓa ganin cikin wannan ɗaki ba. Abin da ke riƙe su mutane ne. Littattafan Malikiyya da alƙalai ke shari'a da su sun kasa lamuni gida uku: akwai wanda zai ɗauki nauyin dukiyar da ake bin mutum, akwai wanda zai yi alkawarin kawo shi gaban alƙali ranar da aka neme shi, akwai kuma wanda alkawarinsa kawai shi ne zai fita nemansa in ya ɓata. Ƙarƙashin wannan ga tsarin sarauta, daga hakimi zuwa dagaci ko bulama zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida, ya san baƙon da ya sauka jiya da wanda ya sauke shi. Mutumin da aka saki a hannun kawunsa ya san in ya gudu kawun ne zai kwana a hannun dogarai, kuma gidansu ba zai ƙara ɗaga kai a gari ba. Wannan tsoron kunya ya tsare mutane fiye da yadda ƙarfe ya tsare.

Sarki Ahmadu ya yi mubaya'a ga Turawan Ingila a 1903, aka sa Gumel cikin Lardin Kano. Turawa ba su rushe tsarin ba, sun ɗora nasu a kai. Suka hana yanke hannu, suka mai da ɗauri na watanni da shekaru shi ne hukuncin yau da kullum, suka bar gidajen yari a hannun En'e tare da kotunan alƙalai da dogarai, daga baya da 'yan doka. Fursunan En'e ba ɓoyayye ba ne. Da safe za a fito da su su share kasuwa, su yi yankan ciyawa, su ɗebo ruwa, gandiroba na biye da kulki. Gari duka yana ganinsu, kuma ganin ma wani ɓangare ne na horon.

Abin da ya bambanta ƙasar Gumel da ta Zazzau ko ta Rano shi ne layin da aka ja a arewacinta. Ingila da Faransa sun yi ta ciniki a kan iyaka a 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu har 1908. Tumbi, tsohuwar fadar Mangawa, ta faɗa ɓangaren Faransa. Dangi ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin tutoci biyu. Tun daga ranar ikon dogarin Sarkin Gumel ya ƙare a bayan Maigatari, alhali ƙafar talaka ba ta ƙare a nan ba. Masu gudun aikin tilas na Faransa sukan gangaro kudu, mai gudun haraji ko sammaci a nan yakan haura arewa wajen 'yan uwa har ƙura ta lafa. Iyakar da ba ta raba harshe ko aure ko kasuwa ba, ta raba hukuma.

Manya kuwa da nasu salon. Sarkin da aka tuɓe ba a kai shi gidan yari, sai a zaɓa masa gari a ce kada ya fita: Sarkin Kano Alu a Lakwaja, Sir Muhammadu Sanusi a Azare daga 1963, Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Zing a 1996, Muhammadu Sanusi na Biyu a Awe a Maris na 2020 kafin kotu ta sa a sake shi cikin kwanaki. Ɗaurin talala ke nan, kuma da mutane ake yinsa, 'yan sanda a bakin ƙofa dare da rana. Tsadarsa ta sa ba a yi wa ɓarawon akuya.

A 1968 gwamnatin Gowon ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su ƙarƙashin tarayya, doka ta 9 ta 1972 ta tabbatar da haka. A wannan tsakanin ne kuma aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya, kotunan alƙalai suka koma hannun jiha. Duk wanda ya san abin da 'yan NEPU suka sha a hannun En'e a shekarun 1950 ba zai ce ba a yi gyara ba. Amma a ganina an yi asarar wani abu da ba a maye gurbinsa ba. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha bai san gidan kowa ba, mai unguwar da ya sani kuma ba shi da gurbi a takardar kotu. Da sanayya ta fita daga shari'a, abin da ya rage wa alƙali mai shakka shi ne ya ce a kai mutum gidan yari a jira. Haka aka taru. Zuwa 2024 mutanen da ke tsare a Najeriya sun kai wajen 80,000, kuma kusan biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba.

Cunkoso irin wannan ne ya haifi na'urar a Amurka, ko da yake waɗanda suka fara tunaninta ba horo suka nufa ba. Wasu tagwaye masu nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard, Ralph da Robert Schwitzgebel, sun gwada ta a shekarun 1960 da ragowar kayan sadarwar soja. Suka rataya wa wasu samari masu ƙananan laifuffuka akwatin rediyo don su san ko sun je makaranta ko wurin aiki a kan lokaci, wanda ya je a ba shi tukwici. Ba wanda ya saya. Abin ya kwanta har 1977, lokacin da wani alƙali a Albuquerque ta jihar New Mexico, Jack Love, ya ga zanen barkwanci na Spider-Man a jarida inda mugu ya maƙala wa jarumin munduwa don ya riƙa bin sawunsa. A Fabrairun 1980 aka yi bore a babban gidan yarin jihar, fursunoni 33 suka mutu. Alƙalin ya sami wani mai harkar lantarki, Michael Goss, ya ƙera masa munduwar, kuma a 1983 ya yanke wa mutanen farko zaman gida da ita a idon sawu.

Wannan ta farko ba ta san inda mutum yake ba. Akwati ne ake jona wa wayar tarho ta gida, in munduwar ta yi nisa da shi sai ya buga wa ofis. Tana iya cewa ba ya gida, ba ta iya cewa ga inda ya tafi. Sai da tsarin GPS na sojan Amurka ya kammala a 1995, jihar Florida ta fara gwada shi a kan masu laifi a 1997, sannan a Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina dagula siginar da farar hula ke samu, lissafin wuri ya dawo na 'yan mitoci. Wata ƙididdiga ta cibiyar Pew ta nuna masu ɗauke da irin waɗannan na'urori a Amurka sun tashi daga kimanin 53,000 a 2005 zuwa sama da 125,000 a 2015. A 2015 ɗin ne Kotun Ƙolin ƙasar ta ce maƙala wa mutum na'urar bincike ne a jikinsa, don haka sai ya dace da tsarin mulki.

Ingila ta shigar da ita cikin sakin fursunoni kafin wa'adi a 1999, ta ba kamfanoni kwangila, kuma a 2013 aka gano G4S da Serco suna karɓar kuɗin sa ido a kan mutanen da wasunsu sun koma kurkuku, wasu sun bar ƙasar, wasu ma sun mutu. G4S ya mayar da kusan fam miliyan 109, Serco sama da miliyan 68. Duk wanda ya san ma'aikatan bogi a takardar albashi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Afirka ta Kudu ta fara gwaji a 2012, majalisar Senegal ta amince da dokarta a 2020, a Faransa kuwa har tsohon shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy ya ɗaura ta a Fabrairun 2025.

Akwai kuskuren da ake yawan yi, a zaci tauraron GPS ne ke kallon mutum. Taurarin suna can sama da kilomita 20,000 suna watso sigina kawai. Munduwar ce ke saurarar aƙalla huɗu daga cikinsu ta lissafa inda take, sannan ta aika ta layin wayar salula zuwa ɗakin sa ido. A can an zana wa mutum taswira, nan dole ya kwana, can kada ya kusanta. A cikin maɗaurin akwai zare mai ɗauke da haske, in an yanke sai ƙararrawa ta tashi. Batirinta kuma yana son caji kusan kullum, na awa ɗaya ko biyu. Munduwar ƙararrawar wuyan rago ce: za ta gaya maka ya shiga gonar maƙwabci, ba za ta fito da shi ba. Fitarwa sai mutum ya taso.

Dokar Najeriya ta riga ta buɗe ƙofar hukunci a wajen katanga. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta kawo jingine hukunci, da yi wa al'umma aiki, da saki bisa sharaɗi. Dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, ta ba ta reshe guda na kula da waɗanda ke zaman hukunci a gida, har ta ba shugaban hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni in wuri ya cika. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da tara kawai ta riƙe, aka biya musu naira miliyan 585. A raba a gani, kan kowane mutum bai kai naira 150,000 ba.

To a ce gobe an kawo munduwar gidan gyaran hali na Gumel. Manomin riɗi daga wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar zai je shagon mai caji ya zauna awa biyu da ƙafarsa a jikin soket, idon kasuwa a kansa. Gonarsa tana iya kasancewa inda sabis ke ɗaukewa, ofis ya ga ya ɓace alhali yana duƙe yana noma. An kuma ga yadda gwamnati da kanta ta rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato a Satumban 2021. Makiyayi fa, wace taswira za a zana masa? Ranar Alhamis kuwa, da kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ci, mutum yana iya bin ayarin raƙuma ya kwana a jihar Damagaram. Siginar tauraro tana sauka a can kamar yadda take sauka a nan, amma sammacin kotun Gumel ba ya aiki, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS hulɗar hukumomin biyu ta yi tsami. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma babu ɗan yankin da zai ce maka ƙafa ta daina ratsawa.

Ba cewa nake na'urar ba ta da amfani ba. Ga babban mutumin da ake tuhuma da cin dukiyar jama'a, mai fasfo da gida a Abuja, ta fi a ajiye masa 'yan sanda shida a ƙofa. Amma wanda ya cika ɗakin jiran shari'a ba shi ba ne. Sau da yawa yaro ne da aka ba belinsa ya kasa fita, don an ce ya kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai takardar fili a cikin gari, shi kuwa duk wanda ya san shi bulama ne da limami da kawu. Waɗannan su ne mutanen da fiƙihu ya yarda da lamuninsu tun kafin a ja iyaka, kuma su ne za su iya ɗaga waya su kira ɗan uwa a Dungas ta Nijar su ce a turo shi. A Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka cire gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar dokokin Jigawa da ke Dutse tana da hurumin tsara yadda za a sa ido a kan wanda aka saki, da wanda za a damƙa shi a hannunsa, da abin da zai biyo baya in ya saɓa.