Sassabin Zamani: Tarihin Fari da Farfaɗowar Itatuwa a Ƙasar Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Canjin yanayi ya fi gallabar ƙasashe masu tasowa, alhali kuwa abin da nahiyar Afirka ke fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda manoman ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar suka mayar da itatuwa gonakinsu bayan farin 1984, tare da nuna cewa mallakar itace ita ce ƙashin bayan wannan nasara.

2.0 Fari a Bakin Bahaushe

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Hasali ma, Bahaushe ya adana tarihin yunwa ta hanyar laƙaba mata suna. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. A Nijar kuwa, yunwar 1984 zuwa 1985 ta sami sunan El Buhari, wato 'Yar Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya da gwamnatin soja ta yi a 1984, abin da ya toshe hanyar hatsi.

Sai dai farin da ya soma a 1968 ya bambanta da na baya wajen daɗewa. Ruwan sama a yankin Sahel ya ragu da fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekarun 1970 da 1980 idan aka kwatanta da na shekarun 1950. Dabbobi sun hallaka, har yunwar ta zamo ɗaya daga cikin dalilan kifar da gwamnatin Diori Hamani a 1974.

3.0 Doka da Itace

Tun kafin zuwan Turawa manomi ya san darajar gawo. Wannan itace yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, sannan ya yi ganye da rani, dabbobi su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa.

Dokar daji da Faransa ta kafa a 1935 ta raba manomi da wannan gado. Ta sanya muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, ko da kuwa a cikin gona suke, kuma gwamnatin Nijar ta ci gaba da wannan tsari bayan samun 'yancin kai a 1960. Manomin da ya sare reshe yana iya fuskantar tara daga jami'an daji. Saboda haka sai ya ga gara ya kashe tsiro tun yana ƙarami, da ya bar shi ya girma ya jawo masa fitina. Faɗaɗa noman gyaɗa da yawan jama'a suka ƙara share gonaki. Da fari ya zo, sai ya tarar da fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Dashen itatuwa da aka yi ta yi daga bisani bai yi wani tasiri ba, domin yawancin dashen ya mutu.

4.0 Sassabin Zamani

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke raye. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su har su girma. Wannan shi aka kira sassabin zamani.

Da farko an yi wa masu gwada shi dariya. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, amma da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfanin itacen girki da abincin dabbobi da kariya daga iska, maƙwabta suka kwaikwaya. Abin ya bunƙasa ne yayin da hukuma ta sassauta, aka kafa dokar karkara a 1993, sannan dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin jama'a a kan itatuwansu. Binciken hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram.

5.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa aiki ɗaya ya biya buƙata biyu: itatuwan sun taimaki manomi ya jure wa ƙarancin ruwa, kuma suna zuƙar iskar da ke ɗumama duniya. Ya kuma nuna cewa manomi ba ya rainon itacen da ba nasa ba. Ya kamata shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma ya ratsa arewacin Nijeriya, ya fara da tantance mai itacen da ke cikin gona kafin a raba irin dashe.