Tarihin Damfarar Aiki Daga Gida: Daga Ambulan Zuwa Wayar Hannu

Damfarar da ake yi wa masu neman aikin da za su riƙa yi daga gida ta girmi intanet nesa ba kusa ba, domin tun zamanin karayar tattalin arzikin da ta auka wa Amurka daga 1929, lokacin da miliyoyin mutane suka rasa abin yi, aka san tallace-tallacen da ke yi wa mutum alkawarin samun kuɗi ta hanyar cusa takardu a ambulan yana zaune a ɗakinsa. Akan nemi wanda ya amsa tallar ya fara aika ɗan kuɗin rajista ko na kayan aiki, abin da ke dawo masa kuwa takarda ce mai umartarsa ya buga irin wannan talla, ya karɓi kuɗin wasu kamar yadda aka karɓi nasa. Wannan salo ya daɗe yana ci, har sai da hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta faɗaɗa dokarta a 2012, ta wajabta wa masu tallata irin waɗannan ayyuka su ba da bayani a rubuce kafin su karɓi ko kwabo.

A Najeriya an fi sanin wannan dabara da sunan 419, wato lambar sashen da ya haramta karɓar dukiya ta hanyar yaudara a kundin laifuka na Kudu, ko da yake jihohin Arewa suna da nasu kundin. Ta bunƙasa a shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin man fetur da matsin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, inda aka fara da wasiƙu ta gidan waya, aka koma faks, daga bisani aka koma imel. Gwamnati ta yi doka a kan damfarar kuɗin gaba a 1995, wato karɓar kuɗi da alkawarin wata riba da ba za ta zo ba, ta kafa hukumar yaƙi da laifukan kuɗi ta EFCC a 2003, sannan ta yi dokar laifukan intanet a 2015.

Zuwan wayar salula a 2001 da yaɗuwar kafofin sada zumunta sun sa tarkon da a da ake ɗana wa mutanen ƙetare ya juyo kan 'yan gida, musamman ɗalibai da matan aure da matasan da suka gama hidimar ƙasa ba su sami aiki ba. Salon da ya fi tashe yanzu yakan fara da saƙo a WhatsApp daga baƙuwar lamba, a ce wani kamfani na neman masu danna alamar so a bidiyon YouTube ko masu yabon otal-otal, kuma a biya mutum ɗan kuɗi nan take domin ya saki jiki. Daga nan sai a shigar da shi wani zaure a Telegram, inda yaran 'yan damfarar ke ta ɗora hotunan shaidar shigar kuɗi, a ce masa ayyuka masu tsoka sai ya zuba nasa kuɗin tukuna. Yana kallon ribarsa tana hauhawa a fuskar waya, amma ranar da ya nemi cirewa sai a ƙirƙiro haraji ko kuskuren da sai an biya za a gyara. A Amurka, FTC ta ce ta karɓi ƙorafi kusan 20,000 a kan wannan salo a rabin farko na 2024, alhali kusan 5,000 ta samu a duk 2023. Akwai kuma wanda ake ɗauka a matsayin wakilin kamfani, a riƙa turo kuɗi asusunsa yana miƙawa gaba, bai san kuɗin sata ba ne sai hukuma ta zo kansa.

Abin da wannan tarihi ke koyarwa shi ne hanyar isar da saƙo ce kawai take sauyawa, amma ginshiƙin yaudarar bai motsa ba: mai ɗaukar aiki na gaskiya shi ke biyan ma'aikaci, duk inda aka juya wannan tsari aka ce ma'aikaci ya fara biya, to akwai lauje cikin naɗi. Ayyukan gaskiya ta intanet suna nan, kamar fassara da rubutu da tsara manhaja, sai dai suna neman ƙwarewa da gwaji da yarjejeniya bayyananniya. Don haka ya wajaba mai neman aiki ya bincika rajistar kamfani a hukumar CAC, ya ƙi ba da lambar BVN ko lambar sirrinsa, ya ƙi ba da aron asusunsa ga kowa, ya kuma kai rahoto ga banki da hukuma idan an cuce shi, domin shirun da kunya ke jawowa shi ke ba ɗan damfara damar isa ga na gaba.