'Ya'yan Mishan a Makarantun Kwana: Wani Ɓangare na Tarihin Mishan a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshen Hausa sun fi sanin 'yan mishan ta fuskar ayyukan da suka bari a rubuce, kamar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 da ƙamusun Bargery na 1934. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne halin da 'ya'yansu suka shiga yayin da iyayen suka duƙufa kan aiki. Wannan maƙala za ta ɗan leƙa wannan ɓangare.

2.0 Daga Masarautu Zuwa Jos

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, irin su Misau da Katagum. A shekarun 1930 ne ƙungiyar SIM ta sami kafa ta hanyar kula da kutare, a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Da yake tashoshin nan ba su da makarantar da Turawan ke so wa 'ya'yansu, sai aka riƙa tura yaran can tsaunukan Filato. Cocin Brethren ta buɗe Hillcrest a Jos a 1942, SIM kuwa ta kafa Kent Academy a Miyango a tsakiyar shekarun 1940.

Yaro ɗan shekara shida, wanda sau da yawa ya tashi a hannun mai reno yana jin Hausa, akan raba shi da gida na tsawon watanni. A ganin iyayen, wannan sadaukarwa ce saboda Allah. Sai dai ba a taɓa jin ta bakin wanda aka sadaukar ɗin ba.

3.0 Tonuwar Asiri

Ba a Nijeriya maganar ta fara fitowa fili ba. A ƙarshen shekarun 1990 wani kwamitin bincike ya tabbatar da duka na fitar hankali da lalata da yara a makarantar 'ya'yan mishan ta Mamou, a ƙasar Gini, wadda aka rufe a 1971. A 1999 shugabannin cocin da ta mallaki makarantar suka nemi gafarar tsofaffin ɗalibai a Amurka. Daga bayanan waɗannan ɗalibai aka fahimci abin da ya rufe wa yara baki: ana tace wasiƙunsu, ana kuma tsoratar da su cewa kukansu zai ɓata aikin iyayensu, ya jawo wa mutanen Afirka halaka. Wato da aƙidar iyayen aka ɗaure harshen 'ya'yan, kuma wannan, a ra'ayinmu, ya fi bulalar muni.

Ta Jos ta taso a 2021, lokacin da wani tsohon shugaban Hillcrest ya amsa cewa ya yi lalata da ɗalibai. Nan take tsofaffin ɗalibai, waɗanda galibinsu sun manyanta, suka kafa kwamiti suna neman bincike mai zaman kansa. Wasu da suka yi Hillcrest da Kent Academy sun kai SIM ƙara a jihar North Carolina, inda hedikwatarta ta Amurka take, bisa wata doka ta 2019 da ta ba da damar ta da tsofaffin ƙararraki. Kwamitin ɗaliban ya nace cewa warakarsu tana tattare da amsa laifi a fili daga ƙungiyoyin da aka damƙa wa amanarsu.