Golf GTI da Peugeot 205 GTI: Ƙanana Masu Gudun Manya

A da can, a ƙasashen Turai, mota mai gudu galibi sai masu hannu da shuni. Motoci biyu ƙanana, masu ƙofar zuba kaya ta baya, su ne kan gaba wajen sauya wannan al'amari.

Ta fari ita ce Volkswagen Golf GTI ta Jamus. Bayan tsadar man fetur ta 1973, manyan kamfanin ba su da sha'awar motar gudu. Waɗansu ma'aikata ƙalilan, ciki har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in watsa labarai Anton Konrad, suka yi ta aikinta a asirce bayan an tashi aiki. Dabararsu ita ce a sa inji mai ƙarfin doki 110 a jikin da nauyinsa bai wuce kilo 810 ba. Da ta shiga kasuwa a 1976, takan yi kilomita 182 cikin sa'a guda, ga kuma wurin iyali da kayan cefane. An yi niyyar ƙera 5,000 kawai, amma ƙirar farko sai da ta haura 460,000.

Ita kuwa ta Faransa, cikin tsanani aka haife ta. Peugeot ya sayi Citroën a 1976, ya ƙara da reshen Chrysler na Turai a 1978, hasara ta yi masa katutu. Motar 205, wadda ta fito a 1983, ita ta fid da shi kunya. Mai lakabin GTI ta biyo baya a 1984 da ƙarfin doki 105, a 1986 kuma aka kai 130. 'Yar'uwarta ta tsere, Turbo 16, ta ci gasar duniya a 1985 da 1986, kana ta lashe tseren Paris zuwa Dakar, wanda kan ratsa hamadar Nijar, a 1987 da 1988.

Bambancinsu yana ga hali. Golf natsattsiya ce, tana yafe wa direba kuskure. Ita ko 205 kamar doki mai zafin kai take: in aka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, sai bayanta ya zame. Gwanaye suka so ta saboda haka, 'yan koyo suka sha wuya.

A farkon shekarun 1990, yawan sata da haɗari ya sa kuɗin inshorar irin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabo a Ingila, ga kuma dokokin hayaƙi. Aka daina ƙera 205 GTI a 1994. Golf GTI kuwa ta ƙara nauyi, ta bi zamani, har ta kai ƙira ta takwas.

To, wace ce ta fi? Masu sha'awar tuƙi da yawa 205 suke zaɓa har gobe, tsofaffinta ma tsada gare su wajen gwanjo. Amma Golf ce ta share hanya, ita ce kuma ta ɗore, domin ba ta tilasta wa magidanci zaɓi tsakanin nishaɗinsa da bukatar iyalinsa ba.